Haikalin Haƙorin Buddha a Kandy: me ake gani, kuma yaushe ya kamata a je?

Tambaya: Aiki zai kai ni Kolombo a ƙasar Sri Lanka wajen tsakiyar damina. Abokan aikina na can sun dage sai na je Kandy na ga haikalin da aka ajiye haƙorin Buddha, da bikin giwayen da ake yi duk shekara. Ni Musulmi ne. Ana barin wanda ba ɗan addinin ba ya shiga? Ana ganin haƙorin kuwa? Wane lokaci ya fi?

Amsa: Malam, za ka shiga, babu mai tambayar addininka a bakin ƙofa. Haƙorin kam ba za ka gan shi ba, gara ka cire rai tun kana Kolombo. Baƙi da yawa sukan sha layi, su hau bene, su hango wata battar zinariya daga bakin ƙofa na ɗan ƙiftawar ido, mai gadi ya ce a yi gaba, su sauko suna tsaki. Haƙorin yana cikin batta, battar tana cikin wata battar, har guda 7, kowace da siffar hasumiyar nan mai kama da ƙararrawa da suke ginawa a wuraren ibadarsu. 'Yan ƙasar ma ba sa ganinsa sai an yi fitarwa ta musamman, kuma daga ta 2009 sai da aka shekara 16 kafin a sake yi a Afrilun 2025. A wannan karon layi ya yi kilomitoci, mutane suka kwana a kan titi, har aka rasa rayuka.

Abin da ya cancanci tafiyar shi ne wannan: fada ce da sarkinta ya bar gado sama da shekara 200, amma fadawa ba su fasa zuwa aiki ba. Makaɗa suna nan, masu dafa abinci suna nan, mai kula da giwaye yana nan da sarautarsa, kuma duk hidimar da ake yi wa haƙorin irin wadda ake yi wa sarki mai rai ce. In ka riƙe wannan, komai zai zauna maka daidai, daga kiɗan asuba har jerin giwayen.

Ga yadda aka yi haƙori ya zama abin mulki. Littattafan tarihin ƙasar sun ce bayan an ƙone gawar Buddha, wanda ya kafa addinin nasu, a Kushinagar da ke arewacin Indiya, an ciro fiƙarsa ta hagu daga toka, ta zauna ɗaruruwan shekaru a masarautar Kalinga a gabashin Indiya. A ƙarni na 4 na miladiyya yaƙi ya taso wa sarkin Kalinga, sai ya damƙa wa 'yarsa Hemamala da mijinta Danta. Ta ɓoye shi a cikin gashinta, suka haye teku suka kai wa sarkin Anuradhapura. Tun daga nan aka yi imani cewa wanda haƙorin ke hannunsa shi ke da haƙƙin mulkin tsibirin. Shi ya sa duk lokacin da aka ƙaurar da babban birni, daga Anuradhapura zuwa Polonnaruwa, zuwa Dambadeniya, Yapahuwa, Kurunegala, Kotte, haƙorin yana biye, kuma ɗakinsa kullum a jikin gidan sarki ake gina shi. Wani malamin Buddha ɗan ƙasar Sin, Faxian, ya zo tsibirin a farkon ƙarni na 5 ya rubuta yadda ya tarar ana fita da haƙorin cikin jerin gwano. Ka ga al'adar ta haura shekara 1,500.

Turawa ma sun gane nauyinsa. Mutanen Fotugal sun ce a 1560 sun ƙwace shi, suka kai Goa, sarkin Bama ya yi tayin fansarsa da dukiya mai yawa suka ƙi, suka daka shi a turmi, suka ƙone, suka watsa tokar a kogi. Mutanen Sinhala, wato babbar ƙabilar tsibirin, suka ce wannan ba shi ba ne, na gasken yana ɓoye a cikin dutsen niƙa a Delgamuwa. A ƙarshen ƙarni na 16 sarki Vimaladharmasuriya na Farko ya kawo shi Kandy. Turawan Ingila suka karɓi masarautar a Maris 1815, suka kawar da sarki na ƙarshe, Sri Vikrama Rajasinha. Da aka yi musu bore a 1817 zuwa 1818, wani malami ya sace haƙorin ya kai wa 'yan boren, kuma sake kama shi da Turawa suka yi na cikin abubuwan da suka karya gwiwar mutane. A 25 ga Janairun 1998 'yan tawayen Tamil Tigers suka tayar da bam a cikin babbar mota a ƙofar haikalin, mutane suka mutu, gaban ginin ya ragargaje, amma ɗakin ciki ya tsira. Binciken da za a yi maka a ƙofa, maza ta nan mata ta can, daga nan ya samo asali.

Sunan wurin a bakin masu gari Dalada Maligawa, kuma da shi za ka gaya wa mai a-daidaita-sahu inda za ka. Yana bakin tafkin da sarki na ƙarshe ya sa aka haƙa a 1807. Za ka haye wani kwari mai ruwa, ka taka wani dutse mai siffar rabin wata da aka sassaƙa a bakin matakala, ka bi wani soro mai zane ka faɗa farfajiyar makaɗa. A tsakiyarta akwai ƙaramin bene mai hawa 2, ƙofarsa ta ƙasa an jera mata hauren giwa, haƙorin kuma yana sama. Rufin zinariyar da ke bisa kansa sabo ne, firaminista Ranasinghe Premadasa ya sa aka yi a 1987. Hasumiyar nan mai kusurwa 8 da kake gani a hotuna ta zamanin sarki na ƙarshe ce. Kada ka fita ba ka leƙa zauren katako da ke baya ba, mai ginshiƙai sassaƙaƙƙu: nan sarki yake zaman fada, nan kuma aka ƙulla yarjejeniyar 1815. UNESCO ta sa birnin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Mutum 3 ke riƙe da amanar haƙorin: shugabannin manyan gidajen malamai biyu na Kandy, Malwatta da Asgiriya, da wani basarake wanda ba malami ba, mai sarautar Diyawadana Nilame, wanda ake zaɓa na shekara 10. Malaman gidajen biyu suna karɓa-karɓar hidimar yau da kullum shekara-shekara. Sau 3 ake buɗe ɗakin a rana: wajen 5:30 na asuba, 9:30 na safe, da 6:30 na yamma. Makaɗa su tsaya a ƙasa suna dukan ganguna, mai algaita yana busa, malamai su shige ciki da ruwan wanke fuska, da tufa, da furanni, da shinkafa da miya kala-kala. Ranar Laraba kuma akwai wanka na alama da ruwan ganyayyaki da furanni masu ƙamshi, a raba wa jama'a ruwan. Shawarata ka je na asuba. Na yamma motocin 'yan yawon buɗe ido ke cika shi, kowa da waya a sama. Da asuba tsofaffin mata ne cikin fararen kaya zaune a kan daɓen katako, da iyaye ɗauke da jarirai, da teburi shaƙe da furen bado. A nan ne za ka ga yadda masu wurin suke riƙe da wurin.

Ladubban shiga ba su da yawa, amma ba a sassauta su. Takalmi a cire, a ba masu ajiya; ka tafi da safa don dutsen farfajiya yana ƙuna da rana. Tufa ta rufe kafaɗa da gwiwa, wannan kam kaftani ya gama magana, in fari ne ma ya fi. Abin da zai zo maka baƙo shi ne hula. A wurinsu buɗe kai ne girmamawa, don haka za a ce ka cire, kuma mace mai hijabi ta san masu gadi kan nemi a buɗe kai, ta yanke shawararta tun daga waje. Kada ka juya wa mutum-mutumin Buddha baya don a ɗauke ka hoto, kada ka miƙe ƙafa tafinta na kallonsa, kada mace ta miƙa wa malami hannu. Hukuma ba ta wasa da wannan: a 2012 kotu ta hukunta wasu Faransawa kan hoton da suka ɗauka suna kwaikwayon sumbatar mutum-mutumi, a 2014 kuma aka kori wata 'yar Ingila daga ƙasar saboda zanen Buddha a damtsenta. Baƙo yana sayen tikiti, 'yan ƙasa ba sa saye.

Batun ko ya halatta Musulmi ya shiga, wannan fagen malamin da kake ɗaukar fatawarsa ne. Abin da zan gaya maka shi ne halin da za ka tarar, don ka kai masa tambaya cikakkiya. Babu wanda zai ce ka rusuna, ko ka ajiye fure, ko ka kunna fitila. Masu sayar da fure a hanya za su tare ka, ka ce a'a ka wuce. Wani zai so ɗaura maka farin zare a wuyan hannu, shi ma na neman tubarraki ne, kana iya ƙi cikin ladabi. Bikin kuwa a kan titi ake yin sa, ba sai ka taka harabar ba. Musulmi sun kusa kashi 10 cikin 100 na mutanen ƙasar, mabiya Buddha kuma wajen kashi 70. A cikin Kandy akwai masallacin Meera Makam, tafiyar ƙafa ce daga haikalin, da gidajen abinci na Musulmi da yawa. Ka dai sani a Maris 2018 an kai wa shaguna da masallatan Musulmi hari a Digana da kewaye, a cikin gundumar Kandy, har aka kafa dokar ta-ɓaci. Zaman yau lafiya lau ne, amma ba gari ne da baƙo zai buɗe musun addini da direba ba.

Yanzu babban bikin, Esala Perahera. Yana faɗowa a Yuli ko Agusta, kuma da wata ake lissafa shi: daren ƙarshe a cikar wata, wato kusa da 14 ga watan Musulunci. A 2024 an yi jerin gwanon daga 10 zuwa 20 ga Agusta, a 2025 daga 30 ga Yuli zuwa 9 ga Agusta. Suna ƙara wata guda a wasu shekarun don kalandarsu ta tsaya a kan damina, saboda haka kada ka ɗauki kwanakin bara ka sayi tikitin jirgi. Ofishin haikalin yana sanar da jadawali kafin lokaci.

Asalinsa biki biyu ne aka haɗe. Akwai tsohon jerin gwanon alloli huɗu masu gadin masarautar, Natha, Vishnu, Kataragama da Pattini, wanda ake yi don neman ruwan sama da albarkar gona. Akwai kuma fita da haƙori. A zamanin sarki Kirti Sri Rajasinha, malaman da aka gayyato daga Tailan a 1753 ƙarƙashin Upali don su farfaɗo da naɗin malamai suka yi mamakin ganin babban bikin birnin mabiya Buddha na allolin Hindu ne. Sarki ya ba da umarni a sa tawagar haƙori a gaba, alloli su biyo baya. Haka jerin yake har gobe.

Ana farawa da sare wata ƙaramar bishiya da suke kira kos, a raba ta a kafa a ɗakunan allolin huɗu, alƙawari ke nan cewa za a yi bikin. Dare 5 na farko a cikin harabar ake zagaye, ba abin da baƙo zai kalla. Sai dare 5 na Kumbal, inda ake fitowa titi, sannan dare 5 na Randoli, masu ɗauke da sunan 'yan rumfunan da ake ɗauka a kafaɗa na matan alloli. Kowane dare ya fi na jiya tsawo da yawan giwaye. Ƙarar igwa ce ke sanar da gari an tashi, kuma masu duba taurari ne ke tsayar da mintin, yawanci wajen 7 na dare.

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ya san ba dawakai kaɗai ake kallo ba, jerin ake karantawa, wa ke gaba, wa ke bin wa. To haka za ka karanta wannan. Masu bulala ne ke buɗe hanya, suna tsarga ta a kan kwalta kamar tsawa. Sai masu juya ƙwallayen wuta, sai masu tutocin lardunan tsohuwar masarauta. A kan giwar farko akwai wani jami'i, Peramune Rala, rungume da kundin ganyen dabino irin nasu wanda aka rubuta filayen haikalin da ayyukan da ke kan masu noma su. Wannan mutum ya fi kowa bayyana sirrin bikin, amma 'yan kallo ba sa ko kula shi. A tsarin da, makaɗi ko mai rawa ko mai riƙe wuta ba haya aka ɗauko shi ba, gidansu na cin gonar haikali ne, ladan gonar kuwa shi ne wannan hidimar, ɗa ya gaji uba. Bayan Peramune Rala sai sarkin giwaye, Gajanayaka Nilame, riƙe da ƙugiyar azurfa. Sai taron makaɗa da masu rawar gargajiyar Kandy da ake kira ves, da hulunansu na azurfa masu walƙiya, suna tsalle suna juyi a iska. Hasken da ke raka jerin kuwa na busasshiyar kwakwa ne da ake ƙonawa a kwandunan ƙarfe bisa dogayen sanduna, kuma hayaƙinta zai zauna maka a kaya.

Daga nan toron giwa mai haure ya bayyana, a lulluɓe da ado da ƙananan fitilu, giwa ɗaya a damansa ɗaya a hagu, ana shimfiɗa masa farin ƙyalle yana takawa. A kan gadon bayansa akwai battar zinariya a cikin rumfa. Jama'a su miƙe, su haɗa tafuka, su ɗauki “sadhu, sadhu”. Wannan battar wakiliya ce, haƙorin bai bar ɗakinsa ba. Diyawadana Nilame yana biye a ƙasa cikin shigar manyan hakiman Kandy. Baƙi da yawa daga nan suke tashi, kuma asara suke yi, don tawagogin alloli huɗu ne ke tafe. Ta Kataragama ta fi kowace zafi, da masu rawa ɗauke da baka mai gashin ɗawisu a kafaɗa, ta Pattini kuma ita ce ta ƙarshe, a cikinta ne ake ganin mata masu rawa.

Maganar giwayen tana da ɓangare biyu, kuma ya kamata ka ji duka. A Sri Lanka ƙalilan ne daga cikin toraye ke fitar da haure, wajen 7 cikin 100, shi ya sa samun wanda zai ɗauki batta yake da wuya, har wasu kyauta ce daga Indiya da Tailan da Bama. Mafi shahara shi ne Raja. Wani Musulmi mai sana'ar kama giwa, Umaru Lebbe Panikkar, shi ya kamo shi a dajin Eravur a 1925, aka ba haikalin shi a 1937, ya yi kusan shekara 50 yana fita. Gwamnati ta ayyana shi dukiyar ƙasa a 1986, da ya mutu a 1988 aka yi makokin ƙasa, kuma fatarsa a cushe tana tsaye a wani ɗaki a harabar, kana iya gani. Ɗaya ɓangaren shi ne sarƙa a ƙafa, da tafiyar sa'o'i a cikin wuta da ƙara dare bayan dare. A 2019 hotunan wata tsohuwar giwa, Tikiri, da aka tuɓe wa ado aka ga ƙashi da fata, sun tayar da ƙura a duniya, ba ta ƙarasa shekarar ba. A 2023 Tailan ta ɗauke wani toro da ta taɓa ba ƙasar kyauta ta mayar gida a jirgin sama saboda rashin kula. A ganina masu sukar suna da gaskiya a kan tsofaffi da marasa lafiya, kuma ka je da rana wajen da ake ɗaure su ka gani da idonka. Ta fuskar tsaro kuma, giwa takan firgita ta kutsa cikin jama'a, kada ka zauna inda ba ka da hanyar baya.

Wane dare? In kana da zaɓi, na biyu ko na uku na Randoli. Ka ga kusan duk abin da za a gani a daren ƙarshe, ba tare da matsin da zai hana ka numfashi ba. Gefen titi kyauta ne, amma iyalai suna shimfiɗa leda tun kafin azahar, kuma da zarar an rufe hanya ba fita. Otal-otal da shagunan da ke kan hanyar, ciki har da Queen's Hotel da ke fuskantar haikalin, suna sayar da kujeru da tsada. Kafin ka biya ka tambaya layi na nawa ne, akwai rufi, akwai banɗaki, sannan jerin zai bi ta wannan titin a daren, don hanyar takan sauya. Zaman zai kai awa 5 ko fiye in ka haɗa da jira, magariba da isha za su same ka a kujera, ka tsara yadda za ka yi. Ka riƙe lema. Ɗakin kwana kuma a kama shi watanni kafin lokaci. Kandy tana da nisan kilomita 115 daga Kolombo, hanyar hawa ce mai lanƙwasa, awa 3 zuwa 4 a mota, ranakun biki fiye da haka.

In kwanakinka ba su dace da wannan ba, haikalin yana da wasu bukukuwa uku na shekara waɗanda ba su da hayaniya: na sabuwar shinkafa a Janairu, inda ake kawo nunan fari daga gonakin haikali, na sabuwar shekara a tsakiyar Afrilu, da na fitilu a Nuwamba, inda ake kunna fitilun man kwakwa a ramukan katangar da ke kewaye da wurin. Akwai kuma Vesak a cikar watan Mayu, tunawa da haihuwar Buddha da wayewarsa da rasuwarsa, lokacin da ake kafa rumfunan ciyar da kowa kyauta a bakin titi. Kowace cikar wata hutu ce a ƙasar, ana rufe mahauta da shagunan giya, haikalin kuma yana cika maƙil.

Idan ka tsaya har ƙarshen Perahera, kada ka bar gari da sassafe. Bayan daren ƙarshe, kafin gari ya waye, masu kula da ɗakunan alloli huɗu sukan tafi Getambe a bakin kogin Mahaweli, su shiga ruwa, su zana da'ira da takobi, su zubar da ruwan bara daga tulunansu su ɗebi sabo da za a ajiye har baɗi. Da rana a yi jerin gwano na ƙarshe, gajere, ba wuta ba cunkoso, kuma shi ne ya fi daɗin ɗaukar hoto. Daga nan Diyawadana Nilame da takwarorinsa su tafi gidan shugaban ƙasa da ke Kandy su miƙa takardar cewa an kammala bikin bisa al'ada, kamar yadda magabatansu suke kai wa sarki rahoto. A 2020 da 2021, lokacin korona, an hana 'yan kallo fitowa, amma makaɗa da giwaye sun fita, an kuma kai rahoton.